Neman Ɗan Sanyin Kaka

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanena, ko karyawa ba mu yi ba. Masu tambayar abin da ya sa na rufe shago rannan, to ga dalili. Kakarmu ta wajen uwa ce kwance a gidanmu, zazzaɓi ya ƙi sakin ta, likita kuma ya ce mu dage da addu'a. Ta ƙi abinci, ta ƙi hira, maganarta ɗaya ce: a kawo mata Ɗan Sanyi.

Ɗan Sanyi wani koren dutse ne da bai wuce cikin tafin hannu ba. An sassaƙa shi da siffar wata dabba da babu irinta a daji: jikin zaki, ƙaho ɗaya a ka, 'yan fukafukai a kafaɗa, baki a wangame. Baban Kaka ne ya dawo da shi daga yaƙin Bama, wani sojan Sin ya ba shi. Komai zafin gari, da sanyinsa za ka taɓa shi, shi ya sa duk yaron da ya yi zazzaɓi a zuri'armu sai an ɗora masa a goshi. Ni ma an ɗora min. Na taɓa nuna hotonsa ga wani ɗan Sin da muke cinikin atamfa, sai ga mutum ya miƙe tsaye. Ya ce dutsen jed ne, wani dutse mai daraja a wajensu, tsohon aiki, dabbar kuma mai gadin gida ce a tatsuniyoyinsu.

Kuɗin mota kam ba a magana, kuma duk da haka direba ya cusa mu kamar buhunan gero. A Wudil muka samu ƙosai mai zafi, muna ci muna kallon kogi ya cika ya batse. Daga nan hanya ta miƙe, dawa da gyaɗa shar ko ta ina, damina ta yi albarka.

A Gaya muka shiga tsohon gidan Kaka. Wata amarya muka tarar, matar ɗan'uwanmu, ban taɓa ganin ta ba. Na ce Ɗan Sanyi muka zo nema. Baiwar Allah ta tashi da sauri, ta dawo da ruwan leda mai ƙanƙara. Ƙanena ya kusa faɗuwa don dariya, ni kuwa raina ya soma ɓaci. Sai da muka birkice adakar Kaka kaf kafin wata tsohuwa maƙwabciya ta ce ai Kawu ya ɗauke shi tun bara waccan, ya ce gunki ne, ba zai bar shi a ɗakin uwarsa ba. Ni kuwa na san Kawu, in ya kafe ya kafe.

Ƙanena ya ce mu koma mu ce mata ya ɓata. Na ce wallahi ko a ƙasa zan je Ajingi, inda Kawu yake zaune. Babur biyu muka tara. Hanyar duk taɓo, wani wuri sai mun sauka mun tura, farar shaddata ta koma ja. Mai babur ɗina ya tsaya wajen wasu Fulani muka sha fura, nono mai kyau, amma ni ko ɗanɗanonta ban ji ba.

Kawu na zaune a zaure yana gyaran fartanya. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, wa ka taɓa gani ya yi wa dutsen nan sujada? Mahaifiyarka ce take nema, kuma jikin ya yi tsanani." Ya ajiye fartanyar. Ya ce ya sa guduma zai cire masa kai, dutsen ya gagara, ƙahon kawai ya ɓalle, sai ya ba matarsa ta jefa a tsohuwar rijiya. Na ce a nemo min igiya da mai shiga rijiya, yau ko ni ko rijiyar nan.

Muna cikin haka matar Kawu ta leƙo ta ce mu shigo mu sha ruwa tukuna. Ta kai mu gindin randa, Kawu na biye da mu, ta naɗe hannun riga, ta zura hannu har kafaɗa. Sai ga Ɗan Sanyi yana ɗigar da ruwa. Ta dubi mijinta ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ni na ga abu mai sanyi, na ce asara ce a jefar." Ashe duk randar da Kawu yake yi wa baƙi alfahari da sanyin ruwanta, dodon na kwance a ƙasanta. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya karɓa, ya goge shi da bakin rigarsa, ya miƙo min. Ya ce, "Ka ce da Inna ni na karya ƙahon, ta yafe min. Gobe ina tafe."

Kafin magariba muka iso gida. Kaka ba ta gani sosai, da yatsa ta bi shi har ta kai wurin ƙahon, ta tsaya. Na isar da saƙon Kawu. Ta ce, "Ya ji da kansa, shi ma da wannan aka raine shi." Ta ɗora shi a goshinta ta lumshe ido, can ta ce a hankali, "Haka hannun Baba yake." A daren ta karɓi kunu.

Ni dai abin da na koyo a tafiyar nan, in tsoho ya nemi abu, kada ka tsaya auna amfaninsa, tashi ka nemo. Ɗan Sin ya ce kayan tarihi ne, Kawu ya ce gunki ne, matarsa ta mai da shi firji, ita kuwa Kaka babanta take nema. Kawu ya iso washegari, ya tarar da ita tana barci, dutsen a hannunta. Ya zauna a gefen gado, bai ce a cire ba.