Telan da Ya Mayar da Ni Aji

Ranar Alhamis, sha bakwai ga watan Yuli, yara na fita tara a makarantarmu, babbar 'yarka ta kira ni ta ce, "Malama, Baba ya cika." Na yi salati na nemi benci na zauna. Ga Allah muke, gare Shi za mu koma. Shekarunka saba'in da huɗu, kuma ciwon zuciya ne ajalinka, ba ciwon dajin maƙogwaro da ka warke daga gare shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce ba. Na san da kana nan za ka ce in rubuta wannan da manyan baƙaƙe, don masu jiran layin gashin ciwon daji a asibiti su gani su samu ƙarfin gwiwa.

A wannan layin muka haɗu, Baba Tela, shekara biyu ke nan. Ciwon daji ya kama ni a gindin harshe, ana gasa wurin da na'ura kullum. Likita ya gaya mini tun farko cewa gashin zai taɓa wuraren da ke samar da yawu a ƙarƙashin kunne da haɓa. Na gyaɗa kai kamar ɗalibar da ba ta gane ba amma tana jin kunyar tambaya. A mako na huɗu bakina ya bushe ƙayau, harshe ya manne da ganɗa, burodi ma sai na jiƙa shi yake wucewa. Sai na cika jakata da alewa, ina tsotsa ɗaya bayan ɗaya ko yawu zai zo.

Ina ɓare wata ke nan ka zauna kusa da ni, tsoho da tef ɗin awo a wuya, ka ce, "'Yata, ba ni wannan." Na ɗauka roƙo ne, har na ɓata rai. Ka sa hannu a baki ka ciro haƙoran roba, na sama da na ƙasa, ka ɗora a tafin hannunka. Ka ce, "Kin gan su? Aikin alewa ne. Bakin da ba yawu ba abin da ke wanke masa sukari. Shekara biyu ta cinye mini nawa duka, ba wanda ya gaya mini." Dariyar da na yi a ranar ita ce ta farko tun da aka faɗa mini sunan ciwona.

Daga baya na ji cewa duk Talata kake rufe shago ka zo ka zauna da sababbin majinyata. Kai ka ba ni cingam marar sukari, kai ka tasa ni gaba har ƙofar likitan haƙori ina ta ƙorafin na gaji. Da guntayen yadin da suka rage maka kake ɗinka 'yan jakunkuna masu igiya na rataya gorar ruwa. Har yau duk wanda ya shiga wannan sashe zai ga maza da mata da su a kafaɗa, ba biyu iri ɗaya.

Ciwon ya tafi, alhamdu lillahi, amma yawu bai dawo ba. Ni kuwa malamar aji huɗu ce, da baki nake aiki. Ranar da na koma, jimla huɗu na yi harshe ya ƙi juyawa, yara arba'in suka zuba mini ido. Da dariya suka yi da ya fi mini sauƙi. Hedimasta ya tausaya ya mayar da ni ɗakin ajiye littattafai, ya ce kafin ƙarshen zangon karatu na bana in faɗa masa ko zan koma aji ko a ba wani malami ajin nawa dindindin. Na rubuta takarda cewa na haƙura da koyarwa, na kawo maka shago ka gani, don ina son wani ya ce na yi daidai.

Ba ka ce ba. Ka ba ni labarin ranar da ka koma kan keken ɗinkinka bayan jinya. Shekara arba'in kana lasar bakin zare kafin ka zura a allura, ranar ka kai zare harshe ya fito a bushe yadda ya shiga. Ka ce ka kifa kai a kan keke ka yi kuka. Inna, matarka, ta yanko guntun soso ta sa a murfin kwalba, ta zuba ruwa ta ajiye maka. Ka nuna mini murfin yana nan gefen almakashi, ka ce, "Lasar zare na daina, 'yata, ban daina ɗinki ba."

Daga nan duk Asabar ina shagonka da littafin karatun aji huɗu. Ina karantawa da ƙarfi kana taka keke, duk jimlar da na gama ka ja layi da allin yanka a kan tebur, har sai na kai hannu ga gora. Huɗu, bakwai, goma sha biyu, ranar da na zo da fushi kuma mu koma biyar. Kai ka koya mini in kurɓi ruwa tun kafin harshe ya manne, in jefa wa yara tambaya in sha yayin da suke amsawa. Ka ce, "Da ma ku malamai kun cika surutu, ki bar su su ma su yi." Na ji haushinka ranar, kuma gaskiya ka faɗa.

Watan jiya likita ya sa na yi ta tofawa a ɗan kofi na minti biyar, ya auna, ya ce wurin da ke samar da yawu na ɓangaren hagu ya fara farfaɗowa. Ba zai koma yadda yake da ba, amma yana aiki. Na same ka a gadon asibiti, inda aka kwantar da kai saboda ciwon zuciya, na gaya maka. Numfashi na yi maka wuya, amma abin da ka tambaya shi ne, "Takardar fa?" Na ce tana jakata, ina tunani. Ka kawar da kai. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, kuma tana yi mini ciwo.

To Baba, ga amsar da ban ba ka ba. Litinin ɗin da ta biyo bayan jana'izarka na yaga takardar a gaban hedimasta, na ɗauki alli na shiga aji huɗu. Minti arba'in na yi a tsaye, sau shida na kurɓi ruwa, ba jimlar da ta maƙale. Da aka buga ƙararrawa wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malama, me ya sa kike kuka?" Na ce mata babana ne ya rasu, kuma gobe kowa ya zo da aikin gidansa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Kai da ka shekara goma sha ɗaya da busasshen baki kana shayar da wasu, Allah Ya shayar da kai shan da babu ƙishi bayansa. Inna, da 'ya'ya da jikoki, da dukanmu da muka zauna da shi a wannan layi, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya ba masu jinya lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.