Ranar da Rahmatu Mai Kitso Ta Kira Sunan Ɗanta

Duk macen da ta taɓa sa kai a cinyar Rahmatu mai kitso a Illela ta san hannunta da zafi, bakinta kuma ba ya hutawa. 'Yar Garu ce, aure ya kawo ta gari, gidan Halilu mai kai albasa Konni ta Nijar a babur. Ranar kasuwa har matan tsallaken iyaka layi suke mata. Sunan kowa a bakinta yake, har awakin maƙwabta ta raɗa musu. Suna ɗaya ne bai taɓa fita daga bakin nan ba: Maharazu, ɗanta na fari. Haka ta tashi ta gani, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa gaban mutane. "Wancan" take ce masa.

To, wancan ɗin fa da halinsa ya zo. Tun yana shekara uku, in ya ture yaro ya fasa baki, sai ya tsaya yana kallon jinin kamar ruwan kwata. Ba kuka, ba gudu, ba ban haƙuri. Ya taɓa matse ɗan tsako har ya daina motsi, ya ajiye, ya nemi tuwo. An yi faɗa, an yi bulala, ko gezau.

Dangi suka ce a canza masa wuri. Aka kai shi Garu wurin kakarsa. Damina guda ta riƙo hannunsa ta dawo da shi tana cewa, "Ga mijin nan nau, na hwasa auren!" Aka kai shi Konni wurin gwaggonsa, abin da ya ƙaru da shi kawai gaisuwar Faransanci. Aka sa shi rabin aji, malamarsu Shahida ta ce yadda yake a gida haka yake a makaranta.

Halilu ya gaji da yawon ba iyayen yara haƙuri. Ya ce bayan Sallah zai tura shi can nesa wurin kawunsa Maccido, wanda ba ya wasa da dorina. Rahmatu ba ta so, wallahi ba ta so. Amma ina bakin da za ta tsaya wa ɗan fari? Tana kitso tana ba mata dariya, tana ƙirga kwanakin da suka rage Sallah.

Rannan Malama Shahida ta zo kitson shuku. Kanta na cinyar Rahmatu ta ce, "Irin yaran ga, duka bai tsorata su. Amma na lura shina son yabo. Ki riƙa kama shi shina abin kirki, ki dube shi ido cikin ido, ki kira sunanshi, ki yaba mai."

"Mi? Ni? Sunan wancan?" Rahmatu ta ja gashin har sai da malama ta yi ƙara.

Ta yi ta juya maganar a ranta, Sallah na matsowa. Wata ranar kasuwa tsakar gida cike da mata, Mahbuba, 'yar wata mai jiran layi, ta yi tuntuɓe ta faɗi tana ihu. Maharazu na tsaye da fuskar nan tasa. Can sai ya duƙa ya ɗauki takalminta da ya fice, ya miƙa mata. Ko tausayi ne, ko takalmin ne ya tare masa hanya, oho. Rahmatu dai ta gani. Sai ta ɗaga murya.

"Maharazu!"

Mata suka waigo gaba ɗaya. Sai wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka kwashe da dariya. "Yau mun ga abu! Rahmatu ta zubar da kunya a kasuwa!"

Shi kuwa yaron ya waiga ƙofa, ya waiga ɗaki, ya dubi matan ɗaya bayan ɗaya. "Wa yak kira ni?"

Nan dariyar ta ƙare wa Rahmatu. Ɗanta bai san sunansa a muryarta ba. Hawaye suka zubo mata, ba ta goge ba. Ta ce, "Ni ta. Taho nan. Ka kyauta, Maharazu." Ta jawo shi jikinta da hannun man kitso, ya tsaya ƙiƙam kamar taɓarya.

Kada wani ya ce yaro ya canza dare ɗaya. Ina! Har gobe idonsa a bushe yake, makon jiya ma ya ture ɗan maƙwabta. Amma Sallah ta zo ta wuce ba a tura shi wurin Maccido ba, don Rahmatu ta tare Halilu a bakin zaure ta ce, "Maharazu bai zuwa ko'ina," shi kuwa mamakin jin sunan ya hana shi musu.

Yanzu in ya ba akuya ruwa, ko ya ɗaga ƙaninsa da ya faɗi, sai ya zo ya tsaya a kanta tana tsakiyar kitso, fuska ba yabo ba fallasa, ya ce, "Inna, sake hwaɗin sunan."