Ramar Ƙanina da Tankin Tarwaɗa

Ku matso kusa, 'yan'uwa, ku ji wata. Shekarun baya ƙanina, autan gidanmu, ya dawo ƙauyenmu na gefen Ɗambatta daga Kano da wani aiki da ban taɓa gani ba. Ya cika tanki da tarwaɗa a bayan gida, ya ja bututu zuwa rabin durom da ya zuba wa tsakuwa, ya yi shuka a ciki. Babu ƙasa, babu taki. Wai kashin kifin ne abincin shukar, tsakuwar kuma ta tace ruwan ya koma wa kifi.

Ni kuwa duk danginmu ni aka sani da ganye. Ni ke aika wa mahaifiyata rama, da damina ɗanya, da rani busasshiya. Sai ga Inna tsakiyar rani tana cin kwaɗon ɗanyar rama tana cewa, "Autana akwai kai." Ƙullin da na aiko yana rataye, ko kwance shi ba a yi ba.

Na ce, "Inna, ba kya jin ƙarnin kifi?"

Ta ce, "Hancinki ne kawai ke ji."

Ramar tasa irin mai tsattsagaggen ganye ce, kamar yatsu. Wani ya leƙo ta katanga, magana ta zaga gari wai wiwi yake nomawa. Rannan na je gaida Inna, na tarar da mai unguwa da 'yan banga a bayan gida. Ɗaya ya ɗaga gatari zai fasa tankin, ana batun miƙa yaron ga hukuma. Shi sai rantsuwa yake, ba mai saurare.

Na tsaya da mayafina ina kallon tankin nan, wani sanyi na ratsa zuciyata. Sai Inna ta juyo, idonta jawur. "Ke yayarsa, ba ki da baki ne?"

Na tsinki ganye na tauna, na miƙa wa mai unguwa wani. "Ranka ya daɗe, ɗanɗana. Wannan tsamin ko yaron goye ya san shi."

Ya tauna, ya yamutsa fuska. "Rama ce. Kai, sauke gatarin nan." Ya tsinki wani da kansa. "Kuma mai kyau. Yaro, gobe a kai wa iyalina."

Ni da bakina na samo masa kasuwa. Yanzu har Ɗambatta ake kai ramarsa da kifinsa. In Inna na ba baƙi labarin ranar, cewa take Allah ne ya kuɓutar da autanta, ni ko a gefen labarin babu ni.

Ina son yaron nan, Allah ya sani. Amma har yau in ya aiko mini da rama, sai na shinshina ta tukuna ina neman ƙarni, in rasa, in cinye ina jin haushi. Don Allah ku faɗa mini, ni kaɗai ce ke kishin ƙanin da na goya, ko kuma akwai irina a cikinku?