Sunan Mai Kwalekwale

Majvor Eklund direbar bas ce a garin Gävle, ta haura hamsin. Tun tana budurwa, duk Lahadi da rana take jan wasan labari a kicin ɗinta: ita ke ba da labarin, abokanta su zama mutanen ciki, a jefa ɗan lido ya yanke wa kowa rabonsa. Shekara da shekaru tana rubuta nata littafin wasan, har wani ƙaramin kamfani ya yarda zai buga.

Sai ga littafin a intanet, kyauta! Wani marar kunya ya sace ya baza, babin ƙarshe kawai ya rage, wai yana tafe. Kamfanin bai ɓoye mata ba: in wannan babin ya fita, sun fasa. Wa zai sayi abin da ya riga ya karanta?

Lahadin nan ta dafa kofi, ta jera burodin kirfa, zuciyarta na tafasa. Birgitta ƙawarta ta zo, Ulf ma ya zo, wanda ke gyara mata kwamfuta kyauta. Ba ta ce musu komai ba, ta buɗe babin ƙarshe.

"Kun iso bakin kogi," in ji ta. "Ga wani tsoho da kwalekwale yana yafito ku."

"Ulf, shiga mana," in ji Birgitta tana dariya. "Kai da ko rami aka nuna maka sai ka faɗa, sarkin gaggawa!"

"Ni? Rufa min asiri. Wa zai hau jirgin Hallvard ya kifar da shi a tsakiyar ruwa?"

Majvor ta ajiye kofinta a hankali.

"Wa ya gaya maka sunansa?"

"Ke kika faɗa mana."

"Tsoho ta ce," in ji Birgitta. Dariyar ta ɗauke.

Ulf ya yi ta juya ɗan lido a hannu. "To, na gani a intanet, kamar kowa."

"Ƙarya kake! Babin nan ba ya can. A kwamfutata kawai yake."

Wuyansa ya yi ja. "Haba Majvor, wasa ai na kowa ne. Suna nake nema miki."

"Suna? Ina sauka daga bas bayana na ciwo in zauna in rubuta, kai ka yi kyauta da shi? Ina babin yake?"

Birgitta ta tashi ta jingina da ƙofa. Can Ulf ya laluba aljihu, ya fito da filashin kwamfuta da ya kwafe babin a ciki.

"Nan kaɗai yake?" in ji Majvor.

"Na rantse."

Ta tsoma filashin cikin kofinsa mai zafi, ta miƙa masa rigar sanyinsa.

Babin bai fita ba, littafin ya fito da bazara. Kujerar Ulf kuwa, tukunyar fure Majvor ta ɗora a kai.