Muryar Baba a Akwatin Bango

Jikata ta zo mini da wayarta jiya, wai tana tara muryoyin tsofaffin gidanmu don 'ya'yanta su ji nan gaba. Ta ɗauki tawa, na zuba mata surutu har ta gaji. Da za ta tafi sai ta ce ta ji labarin mahaifina ya taɓa yin waƙa a rediyo, ko akwai inda za a samo ta? Na ce mata babu. Ban gaya mata dalili ba, kuma tun jiyan abin yake cin raina.

Rediyon da muka tashi da shi a unguwar Aboabo ta Kumasi ba irin wanda ake ɗauka a hannu ba ne. Akwatin katako ne manne a bangon baranda, waya ta taso daga turken bakin titi ta shigo masa ta baya. Ba a canza tasha. Abin murɗawa ɗaya gare shi, ko ka ƙara murya ko ka rage, abin da aka dafa a gidan rediyo shi kowa zai ci. Yawancin yini Turanci yake yi da Tuwi, yaren masu gari, mu 'yan Zango sai mu jira rabonmu kamar masu jiran famfo.

Ranar Alhamis bayan la'asar ita ce tamu. A fara da labarai, sannan wani jami'i ya zo ya yi mana wa'azin tafasa ruwan sha ko kiwon kaji, babu mai saurarensa sai kajin. Abin da ake jira shi ne wasan wani direban babbar mota mai shegen ƙarya, wanda kowane mako ake yanke shirin daidai lokacin da asirinsa zai tonu, matan gidanmu su kwana bakwai suna gardama a kansa. Tsakanin mai kaji da direba akwai 'yan mintoci da babu abin sawa. Da waƙar Baba ake cike su.

Baba kafinta ne a Anloga, kasuwar katako, ƙofofi da bencina yake yi. Ya zo Kumasi daga wajen Nijar yana saurayi, da gurminsa a kafaɗa, kuma yakan taɓa shi a wurin suna ko biki don nishaɗi kawai. Wata rana mutanen rediyo suka ji shi suka ɗauki waƙa ɗaya, wadda yake lissafa garuruwan da ya ratso kafin ya iso nan. Kafin ya fara yakan yi gyaran murya sau biyu, sannan ya yi wata 'yar dariya kamar mai jin kunya, kuma duk na'urar ta kwashe. Shekara biyu kafin rasuwarsa ya rataye gurmin, ya ce ya tuba da kiɗa. Daga nan in waƙar ta taso sai ya ɗauki buta ya fita, wai zai yi alwalar magariba, alhali rana tana nan tsaye.

Ina da shekara goma sha bakwai ya rasu, ciwon kwana huɗu. Alhamis ta farko bayan an kai shi, tsakar gida cike da masu ta'aziyya a kan tabarmi, babu wanda ya tuna da akwatin. Sai kawai muka ji gyaran muryar Baba daga bango. Wata tsohuwa ta saki salati, ƙanwata ta ruga ɗaki tana neman shi.

Baba yana da yaya, malamin makarantar Arabiyya, muna ce masa Baba Malam. Shi ya miƙe ya rage muryar. Da mutane suka watse ya zauna a bakin ƙofar mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, ya ce ƙaninsa ya tuba, amma muddin ana jin wannan kiɗa ana kaɗa kai, yana tsoron ana ƙara masa nauyi a kabari. Bai ɗaga murya ba, hawaye ne ma ke bin gemunsa. Daga baya na ji wasu malaman sun ce ba haka abin yake ba, wanda ya tuba ya tuba. Amma a lokacin malami ɗaya na sani, kuma na ga yana kuka.

Rage murya a gidanmu bai magance komai ba, don kusan kowane gida a layin yana da nasa akwatin. Waƙar ta katanga take tsallakowa. Har mai gyaran keken bakin titi yakan bi ta da fito, in ji kamar in je in kife masa kwanon ruwansa a ka. Na daina cin abinci ranar Alhamis. In na ji gurmin ya tashi sai in ga Baba kwance ana aza masa wani dutsen, ni kuma ina zaune ban yi komai ba.

Mma tana takaba, ba ta fita, ba ta yawan magana. Ita ta karɓi aikin rage muryar. Takan je ta tsaya a gindin akwatin tun mai kaji yana sallama, hannunta a kan abin murɗawar, amma ba ta murɗawa sai gurmin ya fara. Na sha jin haushin wannan nawar tata. A raina ina cewa, mutum yana tsaye da hannunsa a wurin, me ya hana shi yin sauri?

Baba Malam ya ce ya kamata a je gidan rediyon a roƙe su su daina. Shi ciwon ƙafa ya hana shi, kuma ni ce na ɗan yi boko, don haka aikin ya faɗo kaina. Na gaya wa Mma. Sai ta ce, “Abin da zai sauƙaƙa masa, ki yi.”

A gidan rediyon aka kai ni wurin mai kula da shirin Hausa, wani dattijo daga arewacin ƙasar, mai Hausa irin ta kasuwa. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce bai san mai gurmin ya rasu ba. Ya shiga ciki ya fito da tef ɗin, wani dogon zare mai faɗi naɗe a faifai, bai fi murfin tukunya ba. Ya tambaye ni ko ina son in ji kafin a yi magana. Na ce ba jin kiɗa ya kawo ni ba. Har yau in na tuna yadda na faɗi wannan maganar, da ɗaga hanci, sai in ji kunyar kaina.

Ya ce zai iya ajiye shi can saman kanta, amma ba zai yi mini alkawari ba, don duk wanda ke bakin aiki in ya ga gurbi, abin da hannunsa ya taɓa shi zai sa. Hanyar da ta tabbata ɗaya ce, a goge shi a ɗauki wani abu a kai, dama tef yana musu wuya. Na ce a goge.

“Ƙanwana, in an goge ba ya dawowa kuraa, har abada,” in ji shi. “Mamanki ya sani?”

Na ce ita ta aiko ni. Ba ƙarya na yi ba, amma ba gaskiya ba ce. Ya ɗora faifan a na'ura, ya yi ta juyawa ba sauti, ni ina tsaye ina jin wani sanyi a ƙirjina kamar na sauke kaya. Ko minti biyar ba a yi ba.

A gida na ce sun yarda sun daina, ban ƙara komai ba. Baba Malam ya sa mini albarka har sau uku. Alhamis ta zo, aka cike gurbin da kiɗan wasu masu ƙaho na bakin teku, na ci tuwona na ƙoshi. Mma dai ba ta fasa zuwa gindin akwatin ba, ta tsaya har direba ya fara ƙaryarsa sannan ta koma ɗaki.

Ranar da ta fita takaba, bayan an yi addu'a an watse, ta kira ni. Ta yi wanka ta ɗaura zanen da Baba ya saya mata, har da kwalli. Ta ce in raka ta wurin mutumin nan na rediyo. Ba ta son a sa wa gari, kuma ba ta son kiɗan, ta yarda da maganar Baba Malam. Farkon kawai za ta roƙa a sa mata, sau ɗaya, a cikin ɗaki, daga nan su mayar da abinsu su ajiye.

A nan na gane abin da take jira duk makonnin nan da hannunta a kan abin murɗawa. Na durƙusa na gaya mata. Na zaci za ta mare ni, kuma da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Sai ta dube ni kawai.

“Har da gyaran muryar?” ta ce. “Ai wannan ba waƙa ba ne, 'yar nan. Shi ne kawai.”

Ta kwance ɗankwalinta ta ninke, ta fita ta jiƙa shinkafar masar da za ta koma sayarwa washegari. Ba ta sake ta da maganar ba har ta koma ga Allah, kuma ba ta sake tsayawa a gindin akwatin ba.

Ban sani ba ko na sauƙaƙa wa Baba wani abu. Garuruwan da ke cikin waƙar ina iya jero su har yanzu, ɗaya bayan ɗaya. Muryar ce ta tafi. Tun jiya nake ƙoƙarin jin wannan 'yar dariyar a kunnena, na kasa.