Saƙon mutumin Sikaiana

Shekarun baya, gab da shiga shekara ta dubu biyu, ina ɗalibin likitanci a birnin Guangzhou na ƙasar China. Wata safiya muna bin malaminmu zagayen marasa lafiya, sai wata nas ta ja ni gefe ta ce, "An kawo ɗan ƙasarku." A lokacin duk wanda fatarsa ta ɗan yi duhu, a wurinsu ɗan ƙasarmu ne. Na tafi da saurina, ina murnar zan ji Hausa.

Na tarar da wani ƙaƙƙarfan mutum a kwance, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa. Na yi masa sallama, na haɗa da "ya jiki?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya amsa da ɗan Turancinsa cewa bai gane ba. Ashe ma'aikacin jirgin ruwa ne mai dakon katako. Ciwon hanta ya kayar da shi a hanya, aka sauke shi, jirgin ya wuce. Ya ce shi mutumin Sikaiana ne, wani ɗan tsibiri a ƙasar Solomon. Na duba taswirar ɗakin karatunmu ban gan shi ba. Da na gaya masa ya ce, "Kada ka damu, ko jirgi kan wuce mu bai gan mu ba."

Ba ya jin Sinanci, likitocin kuma Turancinsu bai taka kara ya karya ba, sai na zama tafinta. Daga tafinta muka koma abokai. Ya girme ni, don haka nake ce masa Yaya, shi kuma yana ce mini Likita, alhali ko allura ban ƙware ba.

Kullum bayan la'asar nakan hau kekena in sayo masa farfesun kifi a wani shagon Musulmi a unguwar Xiaobei. Yakan ɗanɗana ya ce, "Wannan kifin ya daɗe da mantawa da ruwa." Sai ya koya mini kalma. Kifi ika ne. Gida hale. Bishiyar kwakwa niu, kuma a cewarsa ita ce komai nasu: su sha ruwanta, su ci, su yi jinka da ganyenta, su tufka igiya da ɓawonta. Ci kuwa kai suke cewa. Na ce masa a harshenmu kai shi ne wanda kake magana da shi, ya yi ta dariya yana cewa ashe mu Hausawa cin juna muke yi.

Wadda ta gagare ni ita ce ruwan sha, vai. Bakin Bakano bai saba da harafin ba, sai in ce "bai". Ya ce, "Likita, idan ka zo garinmu ƙishi ne zai kashe ka."

Ya ba ni labarin matarsa da gonar gwazarta a fadama, da 'yarsa da ya bari tana rarrafe, da yadda duk gari ke fitowa bakin ruwa ranar da jirgi ya iso, bayan an shafe wata ana jira. Da na ce masa kafin in bar Kano ban taɓa ganin teku ba, sai ya ce, "To me kuke kallo idan kun gaji?"

A mako na biyar jikin ya rikice. Ciwon ya fara taɓa hankalinsa, Turancin ya soma zubewa, har ya ƙare ƙaf. Ya koma harshen uwarsa kaɗai. A duk birnin nan mai cike da mutane, ni ne wanda ya fi kowa jin harshensa, ni da kalmomina da ba su kai talatin ba. Idan ya ce vai, in ba shi ruwa. Iyakata ke nan.

Ranar wata Talata da hantsi hankalinsa ya ɗan dawo. Ya kama hannuna, ya dube ni ido cikin ido, ya yi magana mai tsawo, a hankali, kamar mai ba da amana. Na tsinci hale, na tsinci sunan 'yarsa sau biyu. Sauran duk ya wuce ni. Da ya gama, ya tsaya yana jiran amsa.

Sai na gyaɗa kai. Na ce, "Na ji, Yaya."

Na ga yadda fuskarsa ta saki. Ya sauke ajiyar zuciya, ya rufe ido. Bayan kwana biyu ya rasu. Ƙasarsu ba ta da ofishin jakadanci a China a lokacin, ba wanda ya zo. Aka ƙona gawar bisa dokar garin, ina tsaye a waje.

Na rubuta wa matarsa wasiƙa. Na sa sautukan da na iya tunawa, yadda kunnena ya ji su. Bayan wata bakwai amsa ta zo, malamin makarantar tsibirin ne ya rubuta mata. Ta yi godiya. Ta ce sun taru sun karanta abin da na rubuta, ba su gane komai ba sai sunan yarinyar. Ta roƙe ni, tunda ina wurin, in gaya mata da Turanci abin da mijinta ya ce.

Ban taɓa amsa wasiƙar ba. Na fara ya fi sau goma. In ƙirƙira mata magana mai daɗi, na yi wa mamaci ƙarya. In faɗi gaskiya, na gaya mata maganarsa ta ƙarshe ta faɗi a ƙasa.

Yau gashina ya fara fari. Idan aka kawo mini tsohuwa mai Fulatanci ko Barbarci, ba na gyaɗa kai. Nakan dakatar da layi, a nemo mai jin harshenta, ko da masu jira za su yi ta gunaguni. Ma'aikatana na ganin tsanani ne. Ba su san akwai wata yarinya a tsakiyar teku ba, wadda yanzu ta isa ta zama uwa, mahaifinta ya bar mata magana, kuma ni na ce na ji.