Tela Ya Ajiye Jakar Magani

Tela mutum ne mai haƙuri da allura, amma in ya ji ana yabon wani a gabansa, nan haƙurin yake ƙarewa. Shagonsa a ƙarƙashin bene yake, keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya. Shekara huɗu ke nan, kullum in rana ta yi sanyi, shi da abokansa su huɗu suke jeruwa a bencin nan da wayoyinsu, suna wasan yaƙi inda kowa ke riƙe da gwarzonsa. Mai aski ne mai takobi, direba maharbi, malamin makaranta matsafi. Tela kuwa mai magani, kullum yana baya yana warkar da raunin kowa.

To, nan ciwon yake. In an kayar da dodo, kafaɗar mai aski ake dafawa, saransa ake ta zuzutawa. Ba mai tuna sau nawa tela ya tsamo shi daga bakin mutuwa. Kishi ne tsagwaronsa ke cin tela, har almakashi yake bugawa a tebur.

Ana saura kwana uku su shiga kogon babban dodo, wanda ake buɗewa sau ɗaya a shekara ga ƙungiyar mutum huɗu, ya mayar da gwarzonsa mai takobi ba tare da shawarar kowa ba. Wasan ya gargaɗe shi cewa wanda ya sauya zai koma matakin farko, kuma ba dawowa. Ya danna abinsa.

Da suka zauna tsara tafiya, ya miƙa wayar yana murmushi.

Malamin ya gyara tabarau. "Takobi biyu, ba magani? Maigida, ai ko ƙofar ba za mu wuce ba."

"Sai wani ya koma magani," in ji tela, yana hararar mai aski.

"Ni?" in ji mai aski. "Takobina mataki sittin. Naka ko kaza ba zai yanka ba."

Direba ya ce yayarsa tana wasan, kuma mai magani ce. Nan take aka kira ta, ta maye gurbin tela.

Ranar kogon, tela ya koma kan kekensa da wandon wani a hannu, ya juya musu baya. Ya ji shewarsu da dodon ya faɗi. Sannan ya ji mai aski, mutumin da bai taɓa ce masa sannu ba, yana cewa, "Yaya, ba don ke ba da tuni na mutu. Ashe mai magani ne ke riƙe da mu duka."

Tela ya taka keken da ƙarfi don kada ya ji sauran.